Mai Kai Biyu

Ranar Litinin da hantsi, ina yi wa ɗiyata wanka a tsakar gida, na ji guduma ta yi shiru a maƙera. Maigidana ba ya ajiye guduma da hantsi sai da dalili. Na naɗe yarinyar a zane na leƙa zaure. Dogarai biyu ne, ɗaya ya riƙe masa hannu, ɗaya yana zazzage kwandon kayan aikinsa a ƙasa.

"Arzika, Wakili na kiranka," in ji babbansu. "An shiga ɗakin maginin tasha."

Shekarar da layin dogo ya wuce Tsafe ya doso Gusau ke nan, gari cike da baƙi. Cikinsu akwai wani dattijo mutumin Ikko, Salihu Dakosta, shi ke gina tashar jirgi. Yana da wani kuɗin ƙarfe guda ɗaya, ruwan ɗorawa, ya fi sule faɗi da kauri, da kawunan mutum biyu a jikinsa. Danginsa ne suka aiko masa daga wata ƙasa ta bayan teku, Barazil, inda aka buga shi don tunawa da cikar ƙasar shekara ɗari da fita daga hannun masu mulkinta. Ba ya sayen ko ƙwayar goro a kasuwarmu. Mutane suka sa masa suna Mai Kai Biyu. Shi aka sace, shi kaɗai, aka bar sulallan da ke tare da shi a gwangwani.

Kowa ya san maigidana maƙerin fari ne, mai aikin azurfa, kuma kowa ya san ya je ya ga kuɗin nan har sau uku, ya dawo yana yabon aikin har muka gaji da ji. Sai ga ƙaramin dogarin ya tsinto wani curin yumɓu daga cikin toka, da zagayen rami a tsakiyarsa daidai faɗin kuɗin.

"Na abin wuyan ɗiyata ne," in ji maigidana. "Faɗin kawai na auna. Ku duba, babu zane ko ɗaya a ciki."

Amma wani daga cikin masu kallo ya riga ya ce, "Kuɗin jabu!" Kafin su kai bakin kasuwa maganar ta riga su. Wa zai bar sulalla ya ɗauki abin da ba ya ciniki, in ba mai son koyon bugun kuɗi ba? Wakili ya sa aka kulle shi. Aka ce Joji, Baturen shari'a, zai iso ranar Alhamis bayan azahar, kuma maganar jabu ba ta tsayawa a Gusau. Sakkwato ake kai mutum, a yi shekaru ba a gan shi ba.

Ban tsaya kuka ba. Na goya yarinyar na nufi kara, kasuwar shanu, neman Kawu Labbo.

*

Kawu Labbo ƙanin mahaifiyata ne. Shanun sata yake bi, tun daga nan har dajin Mada, kuma ba a cika jin ya dawo hannu wofi ba. Kullum da taiki a kafaɗarsa cike da sakaina. Ya saurare ni yana tauna asuwaki, sannan ya ce, "Shafa'atu, ni sawu nika bi, ba dangi ba. In ya kai ni ƙofar mijinki, can za ni tsaya."

"Na yarda, Kawu. Mu dai tafi kafin hadarin nan ya sauko."

Ɗakin maginin na laka ne, a bayan filin tasha, ƙofarsa asabari. An yi ruwa daren Asabar, ƙasa na da taushi. Kawu ya kori 'yan kallo da sanda, ya zagaya ɗakin a sunkuye. Duk inda ya ga sawun da ya so, sai ya kife shi da sakaina ya ɗora dutse. Uku ya rufe.

Dakosta na zaune a kan akwati, idonsa ja. Hausarsa ta aikin dogo ce, a Zariya ya koya.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?" in ji Kawu.

"Lahadi da safe. Kullum safe ina dubawa. Na tafi aiki, na dawo magariba a gajiye, ban buɗe ba. Yau na buɗe, babu. Wannan na samu." Ya miƙo kwabo ɗaya, irin namu mai huda a tsakiya. "Ɓarawo ya ɗauki nawa, ya bar mini wannan. Dariya yake mini."

Kawu ya juya kwabon, ya shinshina, ya shafa a babban yatsa. Maiƙo ne a jikinsa. Ya jefa shi aljihu.

Iya mai tuwo ce ke share ɗakin. Tun kafin a tambaye ta ta ɗora hannu a ka.

"Labbo, ka san ni tun ina da haƙora! Ni da sata? Sawuna ne wancan, ban musa ba, shara nake yi. In kana neman mai gudu, ka tambayi Bawa lebura. Lahadi da la'asar na gan shi ya bi ta bayan ɗakin nan kamar an koro shi, har yau bai dawo aiki ba."

"Wa kuma ya zo?"

"Wa bai zo ba? Lahadi fa, masu talla sun fi leburori yawa. Mai nono, mai daddawa, mai man kaɗanya, ina zan riƙe su?"

Kawu ya nuna mini sakainar farko. "Na Iya." Ta biyu. "Namiji, da gudu, ya yi gabas." Ta ukun bai ɗaga ba. "Wannan mace ce, cikin masu talla. A bar ta tukuna."

Ya ari doki, ya bi gefen dogo shi da dogari ɗaya. Ba su yi nisa ba ruwa ya kece.

*

Kwana biyun nan ban zauna wuri ɗaya ba. In na ɗora tukunya sai na manta da ita. Mata suka riƙa sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zo karɓar azurfar da ta kawo a ƙera mata, ba mai haɗa ido da ni. Wata ma a tsaye ta ciji munduwarta ta gani ko an sauya mata.

Na kai wa maigidana tuwo. Ta wata 'yar taga muka yi magana.

"Yarinyar ta sha?" ya ce.

"Ta sha. Kai ka ci."

"Shafa, in aka wuce da ni, ki koma gidanku da ita. Kada ki sayar da zugazugai, na babana ne."

"Ba inda za ka. Ka ci tuwon nan, ya huce."

Na faɗa da ƙarfi, amma a hanyar gida sai da na jingina da bango.

Kawu ya dawo Laraba da hantsi, Bawa na biye da doki da igiya a kugu. A wata gona bayan dutsen Tsafe suka same shi, yana yankan gero. Aka zazzage shi, aka tone ɗakin uwarsa, babu komai.

"Kuɗin mi?" in ji Bawa. "Ni gero na ji ya nuna, tsuntsaye na ci, uwata ita kaɗai. Mai unguwa ya rubuta ni aikin dogo wata ɗaya, ga shi na yi uku. Ta bayan ɗakin na bi don kada helima, shugaban leburori, ya gan ni."

Kawu ya zauna a zauren maƙera ya sha ruwa, ransa a ɓace. "Na ɗauke mutum daga gonar uwarsa a banza. Tun a hanya na san ba shi ba ne. Ɓarawo in ya gudu yana waige, sawunsa na karkacewa. Wanga bai waiga ba ko sau ɗaya."

"Saura gobe, Kawu."

"Saura sakaina ɗaya. Tashi."

*

Ruwa ya shafe komai a kewayen ɗakin, sai abin da ke ƙarƙashin sakaina. Kawu ya ɗaga ta ukun a hankali. Sawun mace ne, ƙarami, ba takalmi, ya doshi asabari.

"Tsaya nan kusa da shi," ya ce. Na taka ƙasa da goyona a baya, na ɗaga ƙafa. "Kin gani? Mai goyo tana karkata gaba, yatsunta ke nutsewa. Mai tulu a ka, tafin ke zama daidai. Wagga dugaduganta ne suka nutse. Tana ɗauke da abu a ƙirji. Na zaci ƙwaryar talla ce, amma dubi takun, gajere, a hankali. Ba a lallaɓa ƙwarya haka."

Ya fito da kwabon ya sa mini a hannu. "Man kaɗanya ne. Ga kuma zaren tsumma ya maƙale a hudar. Na yi ta tunani tun Tsafe, ban gane ba. Mi ake ɗaure kwabo a kai a shafa masa mai?"

Na dubi kwabon. Na dubi sawun. Sai na tuna da Luba.

Luba ƙawata ce tun muna tallar gyaɗa, tana aure a Bungudu. 'Ya'ya biyu ta binne kafin ta haifi Mas'udu. Ranar Asabar ta sauka a gidana da man kaɗanyar sayarwa, yaron a rungume a ƙirji. Ba ta goya shi, don cibiyarsa ta fito kamar ƙwan zabo, tana tsoron ta fashe in ta matse shi a baya. Ungozoma ta ce ta ɗaure masa kuɗi a kai. Ta kwance ta nuna mini, ga cibiyar ta leƙo ta hudar kwabon, ta yi ja.

Ni ce na yi dariya. Ni ce na ce mata, "Ke ma dai! Mai huda ai ba ya danne komai. Marar huda za ki samu, mai faɗi da nauyi, irin na maginin tasha da baban yarinyar nan ya ishe mu da labarinsa. A gwangwani ma yake ajiye da shi, ba abin da yake yi da shi."

Na gaya wa Kawu duka. Ya karɓi kwabon ya mayar aljihu.

"To," ya ce. "Nemo jaki."

*

Mun isa Bungudu rana ta karkata. Kawu ya tsaya a zaure da mijinta, na shiga. Luba na zaune a bakin ɗaki, yaron a cinya. Da ta gan ni ba ta yi mini maraba ba, sai ta ja zane ta rufe masa ciki.

"Luba, maigidana na kulle."

"Na ji." Muryarta ta yi ƙasa. "Jiya na ji. Ban runtsa ba."

"Gobe za a wuce da shi Sakkwato."

"Shafa, ban taɓa sulallansa ba, wallahi. Na ga su, na kau da kai. Wannan ba kuɗin kashewa ba ne, ke kika ce. Na bar masa nawa a madadi, na ce in ta shiga in mayar masa. Dubi, dubi mana!" Ta buɗe zanen. Tsumma ne ɗaure a cikin yaron, da tudun kuɗin a ƙarƙashi. "Ta fara shiga. Kwana bakwai kawai, Shafa. Kin san inda na kai 'ya'yana, Jibo da ƙanwarsa."

Na sani. Ni na riƙe ta ranar da aka fita da na biyun.

Ɗiyata ta motsa a bayana tana neman nono. Na sauke ta na ba ta, muka zauna mu biyu, kowace da nata a cinya. Da na so, da na miƙa hannu na fizge tsumman. Na fi ta ƙarfi. Amma in na kai kuɗin ni kaɗai, cewa za a yi daga gidanmu ya fito.

Na leƙa zaure. "Kawu, ya za mu yi?"

"Sawu ya ƙare, ɗiyata. Abin da ya rage ba aikina ba ne."

Na koma na tsuguna a gabanta. "Ba zan kwance ba. Ki zo da shi yadda yake, a ɗaure. Duk abin da za a yi miki, a gabana za a yi, kuma zan faɗi nawa laifin. Amma in kika ƙi, zan kira sunanki gobe a gaban Wakili. Ba zan yi miki ƙarya ba, ɗiyata ba za ta tashi babu uba ba."

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Da asuba," ta ce. Ba ta ƙara ce mini komai ba har muka isa Gusau.

*

Zauren Wakili ya cika kafin azahar. Aka jera maigidana da Bawa da Iya a tabarma ɗaya. Dakosta na gefe da gwangwaninsa a hannu. Mu mata muna bakin ƙofa.

"Labbo, ka ce a tara su, ga su," in ji Wakili. "Ka yi sauri, Joji na hanya."

Kawu ya ajiye sakaina uku a ƙasa. Ya taka ta farko ta fashe. "Iya shara take yi." Ya taka ta biyu. "Bawa gero ya kira shi. Maƙeri kuwa, ranka ya daɗe, ba shi da sakaina ko ɗaya. Tun da aka yi ruwan Asabar ƙafarsa ba ta taka bakin ɗakin nan ba."

"To yumɓun fa?" wani ya ce daga baya.

"Wanda zai koyi bugun kuɗi zane yaka ɗauka, ba faɗi ba." Ya ɗaga kwabon sama. "Magini ya ce dariya aka yi masa. Ba dariya ba ce. Wanda ya bar wanga musaya ya yi, bai ɗauki kansa ɓarawo ba. Maza duk mun shinshina ba mu gane ba. Sai da mai jego ta gani."

Ban san lokacin da Luba ta miƙe ba. Ta ratsa maza ta durƙusa a tsakiyar zaure, ta kwantar da yaron a cinya. Ƙullin tsumman ya ƙi kwancewa. Na je na durƙusa kusa da ita na kwance mata. Mai Kai Biyu ya zame ya faɗi a tabarma. A fatar cikin yaron, ga shatar kawunan nan biyu sun kwanta ja.

Zaure ya ɗauki hayaniya. Iya ta ce, "La ilaha! Cibiya ce ashe!"

"Sata dai sata ce," in ji Wakili. "Wa ya nuna miki wurin?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," na ce. "Ni na kwatanta mata kuɗin, ni na gaya mata gwangwanin. In bulala ce, a raba mana."

Dakosta ya taso ya ɗauki kuɗinsa. Ya goge shi da bakin riga, ya duba gaba da baya. Sannan ya tsaya yana kallon cikin yaron, ya daɗe.

"Kakata daga ƙasar nan aka kama ta," ya ce. "Ba ta san sunan garin ba, duwatsu kawai take tunawa. An kai ta Barazil. Ƙasar ta riga ta sami 'yancinta, ita kuwa sai da ta yi furfura ta sayi nata. Har ta mutu a Ikko tana maganar jaririn da ta bari a tabarma ranar da aka zo." Ya rufe hannunsa a kan kuɗin. "Wannan ba zan bayar ba. Shi kaɗai ya rage mini daga waɗanda suka zauna can. Amma, Wakili, abin da ya ɓace na gani. Ba ni da ƙara."

Wakili ya yi tsaki, ya dubi ƙofa, ya dubi rana. Ba ya son Joji ya iso ya tarar da mata da jarirai a zaurensa. Ya yi wa Luba faɗa mai zafi a gaban kowa, ya hana ta talla a filin tasha. Ya ce a saki maƙeri. Bawa kuwa aka mayar da shi aikin dogo a ranar. Kawu ne ya hau jaki ya koma Tsafe ya taya tsohuwar yankan geron.

Maigidana bai shiga gida ba sai da ya hura wuta. Ya karɓo yumɓun nan daga hannun dogari, ya narka jan ƙarfe ya zuba, ya goge shi sumul ba huda ba zane. Na kai wa Luba tana ɗaura wa jaki kaya. Ta karɓa ba ta dube ni ba.

"Kin ce za ki kira sunana," ta ce.

"Da na kira."

Ta ja akalarta ta tafi.

*

Kaka ta wuce, sanyi ya wuce. Matan da suka kwashe azurfarsu suka dawo da ita, wasu da dariyar kunya. Jirgi ya shigo Gusau, Dakosta ya bi dogo ya yi gaba. Daga Bungudu ko gaisuwa ba ta zo ba. Na aika sau biyu, ba amsa. Duk wanda ya fito daga can sai na tambaye shi labarin yaron, kowa ya ce bai sani ba.

Washegarin ruwan farko, na fito shara da safe na tarar da ƙwarya a bakin zaure, rufe da faifai. Man kaɗanya ne cike da ita. Ba wanda ya ga mai ajiyewa.

Kawu Labbo ya zo shan fura a ranar. Na nuna masa. Ya sunkuya a bakin ƙofar, ya bi ƙasa da ido har kwanar lungu, ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Da kanta ta zo," ya ce.

"Ita kaɗai, Kawu?"

Ya nuna mini sawun da bakin sandarsa. Yatsun ne suka nutse.